Ƙira ko Zubi? Kafin Ka Sauya Sandunan Golf, Tuntuɓi Gwiwar Hannunka

Na san za ka yi mamakin ganin zancen golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, a filin da muka saba tattauna hawan jini, ciwon suga da kula da majinyaci. Mamakin zai ƙaru idan ka ji cewa mai rubutun mutumin Kafinsoli ne ta ƙasar Kankiya, inda babu filin golf, inda kuma sandar da muka taso muna gani ita ce ta makiyayi. Mu Katsinawa, wasan sanda da ƙwallo da muka sani shi ne na dawaki, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo. Duk da haka ka ara mini hankalinka, domin maganar ta lafiya ce.

Duk wanda likita ya ce masa yana da hawan jini ko suga, bayan magani da gyaran abinci, abu na uku da za a hore shi da shi shi ne tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Faɗar tana da sauƙi. Sai dai dattijo a ƙasarmu ba ya yin tafiyar kilomita ɗaya a bakin titi ba tare da an tsaya ana ce masa, “Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in rage maka hanya” ba. Wannan kunya kaɗai ta mayar da mutane da yawa kan kujera. Ni ma da aiki ya kai ni Kano, shekaru suka haura hamsin, awon jini ya fara hawa, filin golf na Kano ne ya raba ni da ita. A can, tafiya a ƙasa ita ce wasan. Wanda ya zagaya ramuka 18 ya yi tafiyar da ta kai kilomita 7 zuwa 10 cikin kimanin awa huɗu, yana hira, bai ma san ya yi ba.

Wasan ba baƙo ba ne a Arewa. Filin Rayfield na Jos yana nan tun 1913, na Kaduna tun 1921, akwai na Zariya, akwai na IBB a Abuja. Wani bincike da Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ta yi a kan 'yan golf kimanin 300,000 ya gano cewa yawan mutuwa a cikinsu ya gaza na sauran jama'a da kashi 40 cikin 100. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa wasan kaɗai ne dalili, amma ya dace da abin da likitoci suka daɗe da sani game da amfanin doguwar tafiya.

Ga inda matsalar take ɓullowa. Bayan shekara ɗaya ko biyu hannu yakan faɗa. Wanda da yake kammala fili da bugu 110 sai ya ga ya sauko 95. Daga nan abokai za su fara yi masa raɗa: “Ai ka wuce waɗannan sandunan na 'yan koyo, lokaci ya yi da za ka koma ƙarfen ƙira irin na ƙwararru.” Kuɗin saiti guda ya isa maganin watanni masu yawa. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci kuwa shi ne, sandar da ba ta dace da jikinka ba tana iya taɓa maka gwiwar hannu ko ƙugu, ta zaunar da kai a gida, tafiyar da ke riƙe da sugarka da jininka ta tsaya. Don haka nake so mu duba wannan ciniki da idon lafiya.

Abin da maƙeri ya sani

Idan ka taso a karkara, ka riga ka san rabin ilimin. Ina yaro, in damina ta gabato, mahaifina yakan tafi da ni maƙera. Yaro na kan zuga-zugi, gawayi ya yi jajir, maƙeri ya zaro guntun ƙarfe da awartaki, sau da yawa tsohon sifirin mota ne, ya ɗora a uwar maƙera ya dinga bi da masaba har ruwan hauya ya fito. Wannan ita ce ƙira. A wani gefen kuma akwai masu narka alminiyam su zuba a mazubi, ya huce ya zama tukunya. Wannan shi ne zubi.

Sandunan golf da ake kira ƙarafa, waɗanda ake yi wa lamba daga 3 zuwa 9, su ma ta waɗannan hanyoyi biyu ake yin su. Kowace tana da ruwa, wato kan da ke bugun ƙwallo, da ƙota, da mariƙi na roba. A ƙira, ana gasa curin ƙarfe mai taushi, injin mai nauyi ya buga shi sau da yawa har ya ɗauki siffa. Japan ta yi suna a wannan: kamfanin Mizuno yana ƙera nasa a Hiroshima, Miura kuma a yankin Himeji. A zubi kuwa, ana fara yin siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba narkakken ƙarfe mara tsatsa a gurbinsa, dabarar da masu zubin tagulla na Birnin Bini suka shekara ɗaruruwa suna yi. Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa kamfanin Ping a Amurka a 1959, shi ya yaɗa wannan hanya daga ƙarshen shekarun 1960. Ya rarake bayan ruwan, ya tura nauyin zuwa gefe-gefe, ta yadda ko ƙwallo bai sami tsakiya ba, ruwan ba zai murɗe sosai ba.

Abin da ya fi zama mini a rai daga maƙerar garinmu shi ne, maƙerin ba ya miƙa wa mutum hauya sai ya dube shi. Dogo da gajere ba ƙota ɗaya ake sa musu ba. Yaro ana yi masa 'yar ƙarama. Idan manomi ya dawo ya ce ruwan yana cin ƙasa da yawa ko yana zamewa, sai a mayar wuta a ɗan karya wuyan. Ba wanda ya taɓa karanta ilimin gaɓɓai a cikinsu, amma sun san cewa kayan aikin da bai dace da mai shi ba, a gadon baya ake biyan kuɗinsa.

Abin da ƙira take bayarwa

Masu son ƙarfen ƙira suna yabon taushinsa: idan ƙwallo ya sami tsakiyar ruwa, hannu ba ya jin komai sai wani lallausan amo. Gaskiya ne, kuma akwai daɗi. Amma ka lura da sharaɗin: idan ya sami tsakiya. Irin da ƙwararru ke riƙewa, mai siririn ruwa kamar wuƙa da cikakken baya, tsakiyarsa ƙarama ce. Ka kuskure ta da faɗin yatsa ɗaya, ruwan ya murɗe, girgiza ta bi ƙota ta shiga tafin hannu, ta wuce wuyan hannu, ta sauka a gwiwar hannu. Ƙwararre yana samun tsakiya kusan kowane bugu. Mai bugu 95 kuwa, kuskurensa ya fi dacensa yawa.

Yafiyar sanda daga siffarta take zuwa, hanyar da aka yi ta ba ta da hannu sosai a ciki. Yanzu ana yin ƙarfen ƙira mai rarakakken baya, wanda ya haɗa taushin da yafiyar. Ga wanda hannunsa ke faɗawa amma bai kai gwani ba, musamman wanda ya haura hamsin, irin wannan ya kamata ya nema.

Babban amfanin ƙira ga jiki shi ne wanda ba a cika faɗa ba: ƙarfe mai taushi yana lanƙwasuwa. Mai gyara zai iya sa wuyan sandar a na'ura ya karya shi da digiri biyu ko uku har gindin ruwan ya kwanta daidai da tsayuwarka, kamar yadda maƙeri ke yi wa hauya. Ƙarfen zubi ya fi tauri, wani ma tsagewa yake yi idan an matsa masa. Idan za ka biya kuɗin ƙira ka kuma ƙi kai ta a daidaita maka, ka bar abin da ya fi amfani a cikin cinikin.

Kyautar da ta zaunar da mutum

Ina da wani abokin wasa, malamin makaranta mai ritaya, ya daɗe da ciwon suga. Shekara biyu yana zagaya fili sau uku a mako, nauyinsa ya ragu, awonsa ya daidaita. Ɗansa da ke aiki a Ingila ya ji labarin ci gaban, farin ciki ya sa ya aiko masa da saitin ƙira mai siririn ruwa da ƙotar ƙarfe mai nauyi, irin na samari 'yan gasa. Kayan sun iso da hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri. Kafin wata biyu, ko butar alwala ya ɗaga sai ya cije leɓe. Musabaha ta zama azaba.

Mun ce ya koma tsofaffin sandunansa ya ce ina, yaro ya yi ɗawainiya, me zai gaya masa? Sai ya shiga sayen maganin kashe zafi a kemis yana ci gaba da wasa, har hannun ya ƙi sam. Wata huɗu ya yi a gida. Tumbi ya dawo, suga ya hau, likita ya ƙara masa magani. Abin da ya fi damun iyalinsa ma shi ne shirun da ya koma yi, domin abokan hirarsa duk a fili suke.

Da aka yi masa gashin ƙashi hannun ya lafa, an sami mafitar da ba ta ɓata wa kowa rai ba. An cire ƙotocin ƙarfen aka sa marasa nauyi, aka daidaita wuyan, aka ajiye dogayen aka bar masa gajerun. Har yau kyautar ɗansa ce a jakarsa. Da yaron ya tambayi mai koyar da mahaifinsa kafin ya saya, da an huta da watannin nan huɗu.

Abubuwa huɗu da za ka auna

Na farko, ina ƙwallo yake samun ruwanka? Ka shafa alli ko hoda a fuskar ƙarfe mai lamba 7 da kake amfani da shi yanzu, ka buga ƙwallo goma, kana dubawa kana sake shafawa. Idan tabon ya taru wuri ɗaya a tsakiya, ka isa riƙe ƙaramin ruwa. Idan ya warwatsu daga dunduniya zuwa baki, ka nemi mai faɗi da rarakakken baya. Alli ba ya yi wa kowa kara.

Na biyu, ƙota. A ganina ta fi ruwan muhimmanci ga gaɓɓai. Ƙotar ƙarfe takan kai giram 95 zuwa 130. Ta girafait, wani sinadari mara nauyi dangin bakin fensir, takan tsaya tsakanin giram 50 da 90, kuma tana shanye girgiza fiye da ƙarfe. Bambancin giram 40 kamar ba komai ba ne, sai ka tuna cewa a zagaye guda, da bugun gwaji da na gaske, kana wurga sanda fiye da sau ɗari. Mai amosanin gaɓɓai, da wanda ya taɓa ciwon gwiwar hannu ko kafaɗa, da mai suga wanda jijiyoyinsa ba sa saurin warkewa, girafait ya fi musu. Wasu suna ganin ta tsofaffi ce. Ka bar su da ganinsu.

Na uku, tsawo da kwanciyar ruwa. Lamba 7 ta maza takan kai kimanin inci 37, an kuma yi ta ne domin mai matsakaicin tsawo. Mai koyarwa zai auna daga wuyan hannunka zuwa ƙasa kana tsaye. Sanda ta yi maka gajarta, za ka duƙa fiye da kima, ƙugu ya ɗauki nauyin. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: ka ja layi a jikin ƙwallo da alƙalamin allo, ka ajiye shi layin na tsaye yana fuskantar ruwa, ka buga. Idan shatin ya fito a miƙe, kwanciyar ta yi daidai. Idan ya karkata, wuyan na buƙatar gyara. Ga mai bugu da dama, bakin ruwa ya ɗaga sama, ƙwallo hagu zai nufa. Ya nutse ƙasa, dama zai nufa. Wanda bai san dalili ba sai ya dinga murɗa jikinsa domin ya gyara laifin da ba nasa ba, kuma ciwon ƙugu shi ne kan gaba a cikin raunukan 'yan golf.

Na huɗu, mariƙi. Shi ya fi araha, shi aka fi mantawa da shi. Robar da ta tsufa ta yi santsi tana tilasta maka damƙewa, kuma naman da ke damƙar nan a gwiwar hannu jijiyarsa take manne. Zafi da bushewar ƙasarmu suna saurin ƙonar da roba, don haka mai yawan wasa ya sauya ta duk shekara. Idan ka riƙe da hannun hagu, 'yan yatsun tsakiya su ɗan taɓa tudun tafin hannu kawai. Mai ciwon gaɓoɓin yatsu ya nemi mai kauri.

Ƙasarmu ba irin tasu ba ce

Waɗanda suka tsara sandunan nan ciyawa mai laushi suke tunani, inda ruwan ƙarfe ke yankar ƙasa ya wuce. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Mayu kusan ba ma ganin ruwan sama. Bugun da ya riga ƙwallo taɓa ƙasa a rani kamar dukan daɓe ne, kuma hannu ne ke karɓa. Yashi yana cinye zanen da ke fuskar ƙarfe mai taushi da wuri, taurin ƙasa kuma yana sauya kwanciyar wuyan a hankali, saboda haka ka riƙa kaiwa ana dubawa shekara-shekara.

Kada ka ɗora wa kanka lamba 3 da 4. Su suka fi wuyar bugu, su suka fi girgiza hannu. Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, amma ba ta ce sai ka cika ba. Ka fara daga lamba 5 ko 6 zuwa ƙasa, ka cike gurbin dogayen da haibirid, sanda mai ƙullutun kai da ke ɗaga ƙwallo ba tare da wahala ba.

Game da saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Jabun manyan sunaye sun yi yawa a intanet. Ka ari irin wadda kake so daga aboki ko mai koyarwa, ka yi zagaye biyu da ita, ka saurari hannunka washegari da safe, domin a lokacin ne ciwon jijiya ke bayyana. Na hannu mai kyau da aka sauya wa mariƙi aka daidaita maka ya fi sabo dal da ba a auna ka ba. In kuma ka saya, kada murna ta sa ka buga ƙwallo ɗari biyu ranar farko. Ka ba jijiya makonni ta saba da sabon nauyi.

Ku kuma iyali, ke uwargida da ku 'ya'ya masu son faranta wa Baba, niyyarku abar yabo ce. Amma ku sani dattijo ba ya mayar da kyautar ɗansa, ko tana cutar da shi. Ku biya kuɗin awo tukuna, ku bar shi ya gwada, sannan a saya. Kada kuma kuɗin sanda ya taɓa kuɗin magani ko na zuwa asibiti.

Lokacin ajiye sanda a nemi likita

Ciwon gwiwar hannu, ta ciki ko ta waje, da ya wuce mako biyu ko uku duk da hutu, yana buƙatar dubawa. Haka ma dindiris a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Idan ka doki dutse ko saiwa sai ciwo ya zauna a tafin hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, ka gaya wa likita yadda abin ya faru, domin akwai wani ɗan ƙashi a wurin da kan tsage, kuma hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna shi. Ciwon baya mai sauka ƙafa tare da rauni, ko kasa riƙe fitsari, na gaggawa ne. Ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi a fili kuwa, a tsaya nan take a nufi asibiti.

Mutumin Kankiya ko Kusada ya fara da asibitin da ke kusa da shi. In abin ya buƙaci ƙwararru, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka guji ɗorewa a kan diclofenac ko ibuprofen ba da sanin likita ba: suna iya ɗaga hawan jini, su taɓa ƙoda, su tayar da gyambon ciki, kuma suna rufe bakin ciwon da ke yi maka gargaɗi.

Wataƙila kai mai karatu ba za ka taɓa riƙe sandar golf ba. Ƙa'idar dai ta shafe ka. Idan za a saya wa tsoho ko mai murmurewa daga shanyewar ɓarin jiki sandar dogarawa, a auna shi yana tsaye da takalminsa, hannu a sake: mariƙin ya tsaya daidai wuyan hannunsa, ya kuma riƙe ta a gefen ƙafar da ta fi lafiya. Idan manomi na kukan baya kowace damina, a dubi ƙotar hauyarsa kafin a ƙara masa ƙwaya.

Kai kuwa ɗan'uwana da hannunka ya fara faɗawa, ina taya ka murna. Idan alli ya nuna ka isa, kuma aljihu ya yarda, ka sayi ƙarfen ƙira mai yafiya, da ƙota daidai ƙarfinka, ka kai a daidaita maka shi. Idan bai nuna ba, ka sauya mariƙi, ka biya mai koyarwa, ka ci gaba da tafiyarka da sassafe kafin rana ta yi zafi, da gorar ruwa da 'yan dabino a jaka saboda faɗuwar suga. Ƙarfen yana nan a kasuwa baɗi.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.